Wanzamin Tumaki da Askin da Ba Nasa Ba

Goggo Riet,

Ki taimaka min, don na ci nasara kuma nasarar na neman shaƙe ni. Ki yi haƙuri da rubutun. Ban yi nisa a makaranta ba, malamin da kansa ya raka ni bakin ƙofa ya ce tumaki sun fi shi buƙatata, kuma har ya mutu ban ji ya yi nadama ba. Na canja sunayen mutanen da ke cikin wasiƙar nan, amma karen na bar masa nasa, tunda ba ya karanta jarida.

Ni mai askin tumaki ne a tsibirin Texel, nan arewacin ƙasarmu ta Turai, ko in ce da can. Tun ina saurayi babu garken da bai bi ta tsakanin gwiwoyina ba, kuma ba a taɓa dawo min da tunkiya an ce na yanke ta ba. Yanzu hannayena sun yi ritaya ba tare da sun shawarce ni ba. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe yatsun, da safe kofin gahawa ma da hannu biyu nake ɗauka kamar mai karɓar lambar yabo.

Matata Trijn ta rasu bara gab da hunturu, Allah ya ji ƙanta. Ta bar min gida, da tukwanen da ban san na mene ne ba, da Kobus. Kobus karen kiwo ne irin namu mai gashi buzu-buzu, wanda sai ya fara tafiya ake gane ina ne gabansa. Kullum da yamma Trijn takan zaunar da shi ta taje shi tana ba shi labarin laifuffukana. Ni a zatona hira ce kawai suke yi, ashe aiki ne. Da ta tafi na gwada riƙe matajin, yatsuna suka ƙi, na mayar da shi aljihun tebur na ce wa kaina kare ai ba amarya ba ne. Kafin hunturu ya wuce gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule kamar bargon da aka manta a cikin ruwa. Ya fara wari, yana yawan sosa kunne, yana ɗingishi da ƙafar gaba. Na ce tsufa ne, tunda ni ma duk ina yin ukun.

'Yata Jantien ita kaɗai muka haifa, ma'aikaciyar jinya ce a garin Alkmaar, can tsallaken ruwa. Ta zo lokacin bikin Ista, ta durƙusa za ta shafa Kobus, hannunta ya ƙi shiga gashin. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi karen, ta dubi kwanukan da na tara, ta dubi hannuna da na yi sauri na tura aljihu, sannan ta ce, "Baba, in ba ka iya kula da Kobus, kai wa ke kula da kai?" Na ce gwamnati, ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ita, mai lambu, ta riga ta yi magana da su za mu je mu duba ɗaki bayan lokacin zafi. Na tambaya ko suna karɓar kare. Ta ce, "Kifi a kwalba suke karɓa, Baba. Kobus zan nema masa mutanen kirki." Ta ce za ta dawo watan Yuni mu ƙarasa maganar.

Goggo, a gidan nan aka haife ni. Kuma Kobus ne kaɗai ya rage wanda ke ɗaga kai in an ambaci sunan Trijn.

Sai na yi abin da duk wanzamin tumaki zai yi. Na ciro tsohon almakashina na aski, na wasa shi, na kama Kobus na zaunar da shi a kan ɗuwawunsa, bayansa jingine da ƙafafuna, kamar yadda ake yi wa tunkiya. Tunkiya in ka zaunar da ita haka sai ta sallama, ta bar komai a hannun Allah. Kare kuwa ashe yana da ra'ayi. Ya murɗe, na damƙe, na samu na datse dunƙule guda a haƙarƙarinsa. Da na duba sai na ga fatar ta biyo gashin ta shige cikin dunƙulen, saura ƙiris in haɗa da ita. Nan hannuna ya ƙage, almakashin ya faɗi, Kobus ya fice da gudu da ɗan fili a gefensa kamar inda aka fara shara aka fasa. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙarƙashin taraktar maƙwabcina Teunis.

Teunis tare muka koyi aski, kuma tun lokacin yake jiran ranar da zai ga kuskurena. Ya leƙa ƙarƙashin taraktar, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Wanzami, wannan sabon yayi ne, ko ɓeraye ne suka fara maka aikin?" Na ce iska nake buɗe masa. Ya ce, "To buɗe masa ɗaya gefen mana, iskar ta samu mafita." Da yamma duk wanda na haɗu da shi a shago sai ya tambaye ni lafiyar iska.

Akwai masu gyaran gashin karnuka a tsibirinmu, kuma ban ji an zage su ba. Amma ki duba matsayina. Da na taka ƙofarsu da kare a hannu, labarin zai riga ni isa gida. Don haka na ce wa kowa zan je ganin likitan ido, na kwantar da Kobus a bayan mota, muka hau jirgin fito zuwa Den Helder. Har muka tsallaka ban fito daga motar ba, na ja hula na rufe fuska kamar mai safarar kayan sata.

Shagon farko da na shiga yana da fitilu da hotuna da ƙamshin turare. Matar da ke gaba ba ta ko leƙo ta ga karen ba. Ta tambayi nauyinsa, ta ce in miƙa igiyar in dawo da yamma. Na ce zan iya ganin inda ake aikin? Ta ce ba a shiga. Ta bayan ƙofar ina jin haushi da kuka da ƙugin injin, sannan aka fito da wani ɗan kare zuwa wurin mai shi, yana ta rawar jiki, wutsiya a matse. Ban san karnuka ba, amma na san aski. Dabbar da ta fito daga hannun mai aski ita ke ba ka labarinsa. Kuma wanda ya karɓi aikinka bai taɓa dabbar da hannunsa ba, ba dabbar ce a gabansa ba. Na ce na manta abu a mota, muka tafi, har yau muna neman abin.

Na biyun wani ɗan shago ne a lungu bayan tashar jirgin ƙasa, likitan dabbobin da na tsaya na tambaya ne ya kwatanta min. Na zaci zan tarar da wata 'yar gayu. Sai ga wani ƙaton mutum mai suna Wessel, tsohon sojan ruwa, hannayensa duk zanen jarfa, ya cika ƙofar. Bai gaishe ni ba sai da ya gama da Kobus. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya juya masa gefe, ya bar shi ya sunsune shi son ransa. Sannan ya bi jikinsa da hannu a hankali tun daga kunne har wutsiya. Da ya zo kan ɗan filin da na buɗe ya tsaya, ya ce, "Dattijo, wane mugun ne ya yi wannan?" Na ce maƙwabcina ne, wani Teunis. Ya ce in daina ba shi aron kare.

Ya gaya min gaskiya tun kafin ya ɗauki komai. Ya ce gashin nan ba ya tajuwa, duk wanda ya ce zai taje shi azaba zai gana wa karen, sai dai a sauke shi ƙasa a bar sabo ya fito. Ya tambayi shekarunsa, da ko yana shan magani, da abin da yake tsoro. Ya ce in zauna in kalla in ina so, kare ɗaya yake yi a lokaci guda, ba ya tara su a keji. Na zauna na kalla, Goggo, da niyyar in kama shi da laifi. Yana cikin aiki sai ya riƙa ɗora bakin injin a kan damtsensa ya ji ko ya yi zafi, in ya yi ya canja wani. In Kobus ya fara haki sai ya ajiye komai ya ba shi ruwa, su ɗan huta. Gashin ya riƙa saukowa falle guda kamar na tunkiya, har na ji hawaye na neman ci min mutunci.

Abin da ke ƙarƙashin bargon nan shi ya fi ba ni kunya. Kaska sun yi gari a wuyansa. A bayan kunnen da yake sosawa ƙayar ciyawa ce ta shige fata ta yi gyambo. Ɗingishin kuma ba tsufa ba ne, wani farce ne na gefen ƙafa ya yi tsawo ya lanƙwasa ya koma cikin nama. Wessel ya cire kaskar, ya yanke farcen, amma gyambon ya ce ba aikinsa ba ne, ya buga wa likitan waya ya ce gamu nan zuwa. Wannan ya ƙara min ganin girmansa, don na san mutane da yawa, har da wani mai rubuta miki wasiƙa, da ba su taɓa cewa abu ba aikinsu ba ne. Kafin mu fita ya ba ni wani buroshi mai kauri da maɗauri da ake zura hannu a ciki, wanda ba ya buƙatar yatsu. Bai ce komai game da hannuna ba, ya dai miƙo min.

Ki zo ki ga Kobus yanzu. Ashe yana da idanu, har biyu, masu kyau. Da gyambon ya warke na kai shi bakin teku, ya yi ta gudu yana kewaya ni kamar ɗan kwikwiyo, ya kori tsuntsayen da suka daɗe da raina shi. Yana barci ba soshe-soshe, gidan ya daina wari, ko kuma dai warin da ya rage nawa ne. Teunis ya zo ya duƙa ya bincike shi gaba da baya yana neman inda aka yanke ko aka yi tsalle, bai samu ba. Ya miƙe ya ce, "Tsohon banza, ashe da sauranka." Na ce ai iskar ce ta gama fita. Wannan rana ko a jana'izata a ambace ta.

Sai Jantien ta zo. Kobus ya tare ta tun daga bakin hanya, ta ajiye jakarta ta durƙusa. Ta shafa shi, ta duba kunnen, ta duba ƙafar, sannan ta ce, "Baba, kai ka yi wannan?" Na rantse miki na buɗe baki zan ce Wessel. Abin da ya fito shi ne, "To wane ne wanzami a gidan nan?" Ki lura, tambaya na yi, ban yi ƙarya ba. Ta kama hannayen nan nawa guda biyu ta riƙe, tana kuka tana dariya, ta ce ta yi min rashin adalci. A gabana ta buga wa gidan tsofaffin waya ta ce mun fasa, a ba wani mutum ɗakin. Ranar na ci dankali da kifi kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Ga inda nasarar ta juyo kaina. Jantien ta baza labarin har Alkmaar. Ƙarshen watan nan ake bikin ranar haihuwata, dangi da maƙwabta za su zauna a da'ira a falo da kek a cinya kamar yadda aka saba. Surukarta Hermien, uwar mijinta, tana da wata 'yar farar karya mai gashi kamar auduga da take ji da ita fiye da ɗanta, kuma Jantien ta yi mata alkawarin zan gyara ta ranar, a gaban kowa. Teunis ya ce zai zo da kujerarsa da tabaronsa.

Na yi tunanin naɗe hannuna da bandeji, amma 'yata ma'aikaciyar jinya ce, za ta kwance. Na yi tunanin gayyato Wessel a matsayin ɗan ƙanena, amma a danginmu babu wanda ya kai kafaɗarsa. In na faɗi gaskiya, ina tsoron ta sake ɗaga wayar nan, tunda don hannuna ta fasa, hannun kuma yana nan yadda ta bar shi. In na yi shiru, zan ɗora almakashi a kan karyar mutane da yatsun da ba sa jin maganata, ga shi gashin Kobus ma ya fara tsirowa, ba kuma zan yi ta zuwa likitan ido har abada ba. Ina son gidana, ina son karena, ina kuma son yadda yarinyar nan ta dube ni ranar. Wanne zan saki?

Naki,
Wanzamin Tumaki

*

Malam Wanzami,

Da farko ina taya ka murna, kuma da gaske nake. Kare ya warke, ka kwana a gidanka, Teunis ya sha kunya. Wannan nasara ce, ba kuma ta aro ba ce kamar yadda kake zato.

Mu fara sallamar mai sauƙin. Kada ka taɓa farar karyar nan da almakashi, ko a gaban mutane ko a ɓoye. Kai da kanka ka ga yadda fata ke bin gashi, ka kuma san abin da hannunka ya yi maka ranar. Ka ba Hermien lambar Wessel, ita da karyarta za su gode maka.

Tsoronka ba na banza ba ne. Jantien ta fasa maganar ɗakin ne bisa abin da ta ɗauka gaskiya, kuma in ta ji labarin za ta ji ciwo, wataƙila har da kunya, tunda ta yi ta yabonka a gaban surukanta. Tambayar da ka mayar mata kuwa, mu bar wasa, ka san amsar da kake so ta ɗauka. Ba zan yi maka alkawarin ba za ta yi fushi ba.

Amma ka koma ka saurari abin da ta tambaye ka lokacin Ista. Ba ta ce ko kana iya aski ba, cewa ta yi wa ke kula da kai. Ita a wurin aikinta kullum tana ganin tsofaffin da suka ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don kada a ce sun kasa. Abin da ke hana ta barci ke nan, kuma watannin da ka yi kana kiran gyambo tsufa sun nuna ba ta yi kuskure ba. Yanzu dubi abin da ka yi bayan nan. Ka ga hatsari ka ajiye almakashi. Ka tsallaka ruwa ka nemi wanda ya iya. Ka shiga shago mai kyan gani ka fito saboda ba a dubi karenka ba, ba a kuma yarda ka ga wurin aiki ba. Ka tambayi likita, ka zaɓi mutumin da ya taɓa dabbar kafin ya yi magana, ya gaya maka abin da ba zai yiwu ba, ya kuma san inda aikinsa ya tsaya. Masu karatu da ke neman inda za su kai nasu karnukan su bi sawunka, su ƙara da tambayar inda mutumin ya koyi aikin, kada kuma su jira sai gashi ya dunƙule. Labarin da ka ɓoye wa 'yarka ya fi wanda ka ba ta ƙarfi. Hannu mai kyau ba ya tabbatar mata da komai game da baɗi. Uban da ke neman taimako in ya kasa, shi ne wanda za ta iya bari a tsibiri ta koma aiki hankalinta kwance.

Don haka ka gaya mata, kafin bikin, ku biyu kaɗai. Kada ka bari sai an zauna a da'ira da kek, kada kuma ta ji a bakin wani. Ka yi sauri, tunda ka canja sunan kowa ka bar na Kobus, kuma a tsibiri an fi sanin kare da mai shi. Ka sa ranar komawa wurin Wessel ta dace da hutunta, ka ce ta same ku can, ta ga wurin da idonta, ta ji daga bakinsa abin da aka ciro. Daga nan ka tsayar da lokacin zuwa a kai a kai, yadda shi ya ga ya dace da gashin, ka kuma riƙa amfani da buroshin nan kullum.

Ka shirya jin sharuɗɗa. Za ta iya cewa a samo mai zuwa share gida, ko ka kai hannun nan wurin likita na gaske. Ka karɓa ba gardama. Inda za ka zauna kai ke da ta cewa, amma zaman zai fi daɗi in ita ma ta yarda da shi, kuma wanda ya karɓi ƙaramin taimako da wuri ya fi daɗewa a gidansa. Teunis kuwa zai yi dariya na mako guda, ka bar shi, ya daɗe yana jira. Ka gaya wa Wessel ma gaskiyar wanda ya buɗe filin nan, ko da yake ina zargin ya sani tun da ya miƙo maka buroshin.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wasiƙarka ta ba ni dariya, kuma na ga da dariyar kake rufe duk inda ke maka zafi. In ka zo wurin da za ka ce wa Jantien hannunka ba ya iyawa kuma kana tsoron a raba ka da gidan da karen, ka faɗe shi haka tsurarsa, ka yi shiru ka bar ta ta amsa. Ba doguwar magana ba ce. Bayan ta sai ka ci gaba da barkwancinka.

Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, a gidanka, da karenka a gefe.

Goggo Riet